OSSC: akwatin da ke haɗa tsohuwar kwamfuta da talabijin mai shafaffen allo

Cikin kayan gwanjo da ke shigowa Yamai daga Faransa, jefi-jefi akan ci karo da Amstrad CPC 464 ta 1984 ko Amiga 500 ta 1987, jikinsu garau, sai dai allon da suka zo da shi ya daɗe da mutuwa. Matsalar takan fara ne lokacin da aka nemi haɗa su da talabijin ta yanzu. Waɗannan injuna suna zana layi 15,625 a daƙiƙa, hoto kusan 50, kowane hoto da layi 288 da ake gani. Ramin VGA kuwa yawanci ba ya karɓar ƙasa da layi 31,000 a daƙiƙa, HDMI kuma lambobi zalla yake ji. Dole a samu mai shiga tsakani.

Ƙaramin akwati mai arha da ke mai da péritel (faffaɗan ramin bidiyo mai ƙafa 21 na tsoffin talabijin) zuwa HDMI shi mutane ke fara saye, kuma shi ke fara ba su haushi. Yana ɗaukar hoton kwamfutar tamkar shirin talabijin mai layi 576 da ake saƙawa rabi da rabi, sai ya tsaya yana haɗa abin da ba a raba ba. Ka buɗe wasan da fili ke tafiya gefe, ka zuba ido a bakin bango ko harafi: za ka ga gefensa yana rawa kamar haƙoran zarto. Kowane hoto ɗaya da ya riƙe kuma jinkiri ne na kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, ga shi yakan riƙe fiye da ɗaya. Wasunsu ma ba sa karanta wayoyin ja, kore da shuɗi sam.

OSSC, wanda Markus Hiienkari ɗan Finland ya ƙera, ba ya ajiye hoto. Layi na shigowa yake ninka shi ya tura, saboda haka jinkirinsa bai kai na layi biyu ba, abin da hannu ba zai taɓa ji ba. Yana da ramin péritel, da na wayoyi uku, da na VGA, ya fitar ta HDMI. Ka jona Amiga, ɗan allon da ke gabansa zai rubuta 313p, 15.62kHz, 49.92Hz, wato yawan layin kowane hoto, da saurin layi, da saurin hoto. Na Amstrad 312p ne da 50.08Hz. Wannan ɗan rubutu babban taimako ne ga mai gyara: in ya bayyana kuma talabijin ta tsaya baƙa, kwamfuta da waya lafiyarsu lau, talabijin ce ta ƙi.

Kuma takan ƙi. Tunda akwatin ba ya gyara saurin da kwamfuta ta ba shi, abin da ya karɓa shi yake miƙawa, kuma ba 50 cif ba ne. Ninki biyu, wato layi 576, kusan kowace talabijin tana karɓa. Ninki uku (864) da huɗu (1,152) sun fi kaifi nesa ba kusa ba, amma talabijin da yawa sai su ce babu sigina. Allon kwamfuta ya fi haƙuri da su, muddin yana karɓar 50. Ka fara da ninki biyu, ka hau a hankali, kuma in da hali ka gwada a kan talabijin ɗinka kafin ka biya. Haka nan idan shirin Amiga ya sauya yanayin allo, hoto kan ɗauke na ɗan lokaci kafin ya dawo.

A wajen waya ne aka fi yin ɓarna. Amiga tana da rami mai ƙafa 23: ja a ƙafa ta 3, kore ta 4, shuɗi ta 5, siginar daidaita hoto ta 10. A kan péritel ja na zuwa 15, kore 11, shuɗi 7, daidaitawa 20. Siginar ƙafa ta 10 tana fitowa da ƙarfin da ya kusa bolt 5, péritel kuwa an yi shi ne don abin da bai wuce bolt 1 ba. Dole a liƙa resista mai om 330 zuwa 470 a kan wannan waya. Kada ka yarda da wayar gwanjo ido rufe. Kwance kan, ka auna da mita, domin rashin wannan ɗan abu yana cin akwatin a hankali. Masu gyaran rediyo na kasuwar Katako za su iya liƙa maka da dalma in ka kai musu zanen ƙafafun. Amstrad tata mai sauƙi ce, zagayayyen kai mai ƙafa 6: ja 1, kore 2, shuɗi 3, daidaitawa 4, ƙasa 5. Sai dai a tuna cewa daga allonta take shan wuta, don haka sai an nemo mata caja mai bolt 5, amfa 2. CPC 6128 kuma tana buƙatar ƙarin bolt 12 saboda faifanta.

Mai Commodore 64 ya ajiye kuɗinsa. Ba ta fitar da launuka uku a rarrabe, OSSC kuma ba shi da ramin waya mai ruwan ɗorawa ko S-Video. Wani akwatin daban mai suna RetroTINK 2X ne ya dace da ita, tare da resista mai om 330 a wayar launi don kada ja ya yi ta malala.

Shi kansa OSSC bolt 5 yake ci. Cajar bolt 12 mai irin bakinsa tana shiga daidai, tana kuma iya lalata shi, don haka ka ɗaura wa tasa alama. Ka sa shi bayan na'urar daidaita wuta, saboda dawowar lantarki bayan an ɗauke ita ke kashe irin waɗannan kaya, kuma a zafin Afrilu kada ka cusa shi bayan talabijin inda iska ba ta ratsawa. Ƙurar hunturu na shiga ramin péritel. In launi ɗaya ya ɓace, goge ƙafafun tukuna kafin ka zargi wani abu.

Kuɗinsa ya ninka na ƙaramin akwatin sau da yawa, kuma galibi sai an yi odarsa daga waje. Ga mai Amiga, Amstrad ko Atari ST da ke son rubutu ya fito tsaf, wasa kuma ya bi hannu, ya ci kuɗinsa. Wanda talabijin ɗinsa ke da ramin péritel mai karɓar launuka uku ya fara gwada waya kai tsaye, da bolt 1 zuwa 3 a ƙafa ta 16 ta péritel, wadda ke sa talabijin ta karanta launukan uku.