Shagon shadda a Kwari: kaya na gari, amma arahar ta gado ce

Masu tambayata inda nake sayen shadda, wani shago ne cikin Kantin Kwari a Kano, ba zan kama suna ba kar a ce an biya ni kuɗin talla. Kayansu dai ba algus, in ya ce maka Getzner ce to ta Ostiriya ce da gaske, in 'yar China ce zai faɗa maka ƙiri-ƙiri, ba irin masu liƙa tambari su yi ta rantse-rantse ba. An wanke tawa ba ta zuba ba, ƙyallin na nan. Awon yadi ma cif, har da ɗan gyara.

Farashi fa shi ne abin magana. Mai shagon matashi ne kuma kusan kullum kayansa sun fi na maƙwabta sauƙi, wani zai ce iya kasuwa ne, eh da wannan, amma shagon na babansu ne, da ya rasu aka raba gado ya faɗo a kasonsa, ba ya biyan haya, dilolin da suka daɗe da marigayin har yanzu suna sauke masa kaya bashi sai ya sayar ya biya. Da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, duk mai tsohon kaya jibge a sito ai kakarsa ta yanke saƙa. Ga sa'ansa nan bakin ƙofa da ɗan tebur, digiri gare shi, ya sha yaron shago kafin maigida ya sallame shi da ɗan jari, teburin ma haya ne, in ya je banki a ce kawo takardar fili, ga kuɗin ruwa. Ta ina zai karya farashi? Gado halal ne wallahi, ban ce komai ba, haushina kawai masu nuna mana magajin nan suna cewa matasa ku yi koyi ku nemi na kanku.

Inda suka gaza, Alhaji ƙarami kullum yana kan waya sai ka yi sallama biyu, yaransa ne ke riƙe da ciniki kuma su ba su isa su rage maka ko sisi ba sai sun tambaye shi. POS ɗinsu ma sai a hankali, gara ka yi tiransifa. In an yi ruwan sama kar ka soma zuwa, layin caɓi yake.

Shadda mai tsada a wajensa zan ci gaba da saye, yadin yara da na ɗinkin yau da kullum kuwa wajen mai tebur nake tsayawa ko da ƙarin 'yan ɗaruruwa.