Kayan shayarwa bayan haihuwa ta tiyata: abin da za a saya da abin da za a jinkirta

Matar da likita ya sanya wa ranar tiyata takan sami kanta da dogon jerin kayan jego, kuma duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Balogun ko shagunan kayan jarirai na Agege a Legas ya san mai kaya ba zai ce wani abu bai zama dole ba. A ganina abubuwa kaɗan ne suka cancanci kuɗi kafin haihuwa, kuma ɗinkin da ke ƙasan mara shi ne ya kamata ya yanke hukunci a kan kowannensu.

Na farko shi ne matashi. Akwai matashin shayarwa mai siffar jinjirin wata wanda ake zagaya wa ƙugu, akwai kuma filo na gida guda biyu ko uku. Mai siffar watan yana ɗaga jariri zuwa daidai nono, amma idan mai laushi ne ƙwarai nauyin yaron zai lotsa shi har ya danne ɗinkin, don haka a matsa shi da hannu a shago, a zaɓi mai tauri wanda ake iya cire rigarsa a wanke, domin zufar Legas da tumbuɗin jariri ba su barin yadi da tsabta. Filon gida ya wadatar ga wadda za ta shayar a kwance ta gefe, ko ta riƙe jaririn ta ƙarƙashin hammata ƙafafunsa suna bayanta, waɗanda su ne zaman da ungozomomi suka fi koya wa wadda aka yi wa aiki, saboda ciki ba ya ɗaukar nauyi.

Na'urar tatsar nono ita ce inda aka fi yin asarar kuɗi. A kwanakin farko abin da ke fitowa dakashi ne, mai kauri kuma kaɗan, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jariri ya fara samu cikin sa'a ta farko, kuma hannu ya fi kowace na'ura iya tatsarsa zuwa cikin cokali mai tsabta, domin ɗigon da ya maƙale a jikin roba ya tafi ke nan. Bayan tiyata ruwan nono yakan ɗan jinkirta, abin da ke sa dangi su fara maganar madarar gwangwani, alhali abin da ke kawo shi shi ne sa yaro a nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare.

Idan buƙatar na'ura ta taso, iri uku ne a kasuwa. Ta hannu, irin ta Philips Avent ko Medela, ba ta neman wuta, ba ta da wuyar wankewa, kuma ta ishi matar da ke gida tare da ɗanta, sai dai tana gajiyar da hannu. Ta roba mai tsotsa da kanta, irin Haakaa, tana tara abin da ke zuba daga ɗaya nonon ne yayin da yaro ke shan ɗayan, kuma ba za ta isa ta sa ruwan nonon uwa ya ci gaba da zuwa ba idan an kwantar da jaririnta a sashen bakwaini. Ga wannan yanayi, ko ga mai komawa aiki, ta lantarki mai tatsar nono biyu lokaci guda ita ce ta dace, kuma a garin da ba a san lokacin ɗauke wuta ba, mai batir irin Spectra S1 ta fi S2 wadda dole sai an jona ta. A duba faɗin mazurarin da ke zama a kan nono, domin yawancinsu milimita 24 ne, kuma wanda bai dace ba yana jawo zafi da tsagewa. Ta gwanjo kuwa ban ba da shawara ba, sai fa wadda aka ƙera ta yadda nono ba ya komawa cikin injin, sannan a sayi sababbin robobi da bututu.

Kafin a sayi jakunkunan ajiyar nono a tambayi kai ko firjin gidan yana riƙe sanyi. Nonon da aka tatsa yana kai sa'o'i 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, da kwana 4 a firji, amma ɗaki a Idi-Araba ko Mile 12 da rana yakan wuce wannan zafi, saboda haka wadda ba ta da tsayayyiyar wuta gara ta tatsi abin da za a sha nan kusa, a ba yaro da ƙaramin kofi.

Rigar nono a sayi biyu kawai ta auduga marar ƙarfe, mai buɗewa ta gaba, a bar sauran sai nono ya kawo an ga girmansa na gaskiya. Ɗamarar ciki kuma a jira izinin likita kafin a ɗaura, kamar yadda ya kamata a nemi shawararsa a kan wankan jego da ruwa mai zafi sosai da kunun kanwa, tun kafin iyaye su iso daga gida da nasu tsarin.