Wata huɗu ina amfani da mitar awon wuta mai baki: ga abin da na gani

Dutsen guga ne ya sa na sayi wannan mita. Duk daren Lahadi uwargida kan goge kayan makarantar yara, to wata rana dutsen ya ɗauki zafi nan da nan, wata rana kuma a yi ta dirzar riga ɗaya ta ƙi kwanciya. Har mun yanke shawarar sayen sabo, sai wani yaro mai gyaran wuta a layinmu nan Gyaɗi-Gyaɗi ya ce, "Baba, kada ka yi asarar kuɗinka, bari a auna tukuna." Abin da na gani a hannunsa ya sa washegari na shiga Sabon Gari, wajen France Road inda ake sayar da kayan wuta, na sayo tawa.

Ƙirar China ce, ta ɗan fi tafin hannu tsawo, tana da baki kamar na kaguwa wanda ake matsawa ya buɗe, da wayoyi biyu masu tsinke, ja da baƙa. Abu uku nake aunawa da ita: bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar; amfiya, yawan wutar da ke bi ta cikin waya; sai om, wato turjiyar da kayan ke yi wa wutar.

Ranar farko raina ya ɓaci. Na maƙala bakin a igiyar dutsen, dutsen na ci, amma mita ta nuna sifili. Da na mayar, yaron shagon ya ce, "Alhaji, ai waya ɗaya ake kamawa. In ka haɗa biyun, mai tafiya da mai dawowa kashe juna suke yi." Gaskiyarsa ce, amma takardar da ke cikin kwalin ba ta fayyace hakan ba, ga rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero. Mai gyaran nan ne ya haɗa mini guntun ekstenshan da aka raba wayoyinsa, kowacce da robarta, don in riƙa kama ɗaya.

Daga nan ne na fara jin daɗinta. Da safe na sa tsinkayen a soket, na ga bolt 220. Na kunna dutse, bakin ya nuna amfiya 4.5. Mitar ba ta yi maka lissafi, kai za ka yi, kuma ba wuya. Bolt sau amfiya shi ne wat, wato ƙarfin wutar da kayan ke ci: 220 sau 4.5 ya ba ni 990, kusan wat 1000 ɗin da aka rubuta a jikin dutsen. Bolt kuma a raba da amfiya shi ne turjiya: 220 a raba da 4.5, om 49 ke nan, ko ƙasa kaɗan. Wannan ita ce ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda muka haddace a sakandare ba tare da mun taɓa ganinta da ido ba. Don in tabbatar, na zare dutsen daga wuta, na murɗa mitar zuwa om, na ɗora tsinkayen a ƙafafun filogi. Ta nuna 48. Wallahi na daɗe ina kallon lambar nan, har na kira babban ɗana ya sake lissafin a bayan littafinsa.

Da daddare, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna kayansa, na sake aunawa. Bolt ya sauka zuwa 170, amfiya 3.5. Idan ka ninka, wat 595 kawai. Duba fa: ragin da ƙarfin turin ya yi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma zafin ya ragu da kusan kashi biyu cikin biyar, domin idan bolt ya faɗi, amfiya ma faɗuwa yake, ragin ya zama biyu a haɗe. Turjiyar dutsen tana nan inda take. Ashe lafiyarsa ƙalau, wutar ce ba ta da ƙarfi.

Hitar ruwa kuwa tsoro ta ba ni. Amfiya 9 take ja, kusan wat 2000, wato awa ɗaya ta cinye yunit biyu na kati. Kuma shekara guda muna jona ta a wani siririn ekstenshan da kullum nake jin ɗuminsa a hannu. Ranar na cire shi.

Mitar tana da nata rauni. Allonta ba ya haske, ga shi yawanci a cikin duhu ake neman ta. Wayoyin tsinkayen ba su da kauri, ja ɗin har ya fara sakin jiki a gindi. Bakin kuma ba ya auna wutar batir, don haka mai sola da ke son sanin abin da batirinsa ke bayarwa ya tambaya da kyau kafin ya biya, akwai masu yin hakan amma sun fi tsada. Sannan lissafin bolt sau amfiya yana fita daidai ne a kayan zafi irin dutse da hita. A fanka da firji da injin jan ruwa, lambar da za ka samu ta kan ɗara ainihin wat ɗin da suke ci. Roƙona ɗaya ga duk wanda zai saya: kada ka auna om a abin da ke jone da wuta, kuma kada ka taɓa ƙarfen tsinken da yatsa.

Ga mai shagon wanki da guga, ko tela, ko magidanci mai ƙaramin janareta da ke son sanin abin da zai iya ɗauka, ni dai na ce ta ci kuɗinta. Dutsenmu na nan ba mu canza ba. Guga ce muka mayar safiyar Asabar, kuma yanzu uwargida da kanta take cewa in duba mata soket kafin ta shimfiɗa bargo.