Yaro mai jinkirin fahimta a Kano: asibiti, makaranta ko mai kula a gida?

Iyayen da Allah ya bai wa yaro mai jinkirin fahimta sukan rasa ta inda za su faro, ga kuɗi ba ya isa a yi komai lokaci guda. A ganina, kuɗin farko na gwaji ne. Kafin a biya kuɗin makaranta ko a ɗauko malami, a san abin da ke damun yaron, domin wani kunnensa ne ba ya ji sosai, wani farfaɗiya ce ke cinsa a ɓoye, wani kuma shawarar da ta kama shi yana jariri, ko doguwar naƙuda, ko sanƙarau ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kowanne da irin kulawarsa.

Wajen gwaji, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya ya fi cika: likitocin yara, na ƙwaƙwalwa, na kunne da na ido, da masu gashin ƙashi, duk a harabar guda. Aibinsa layi da nisan ranar ganin likita, don haka sai da sammako da haƙuri. Asibitin Murtala da na yara na Hasiya Bayero sun fi kusa da mutanen cikin gari, sun kuma fi sauƙi ga aljihu, ko da yake abin da ya fi ƙarfinsu turawa za su yi. Asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau kuwa mutane na gudunsa saboda abin da maƙwabta za su ce, alhali idan matashi ya fara duka ko ya daina barci, nan akwai masu sanin aikin. Asibitin kuɗi lokaci yake sayar maka. Sau da yawa likitan da za ka gani da yamma shi ne na asibitin gwamnati da safe. Idan kana da inshorar lafiya ta jihar Kano (KSCHMA) ko ta tarayya (NHIA), tambayi abin da ta ɗauka tun kafin a rubuta gwaji.

Yaro mai lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita tana jinkirta masa girma da fahimta, a duba masa zuciya da wuri, don kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu, a riƙa kuma auna masa maƙoƙo, wato sinadarin tayirod, lokaci zuwa lokaci.

A batun makaranta ne aka fi asara. Makarantar gwamnati ta Tudun Maliki an fi saninta da koyar da kurame da makafi, saboda haka a je a tambaya ko suna da ajin da ya dace da ɗanka. Masu zaman kansu sun yawaita, wasu na ƙwarai, wasu allon talla kawai. Ka je ba tare da sanarwa ba, ana tsakiyar darasi. Yara nawa ne a hannun malama ɗaya? Wa ke kai su bayi, kuma mace ce ke kai mata? Me suke yi idan yaro ya faɗi da farfaɗiya? Wanda ya ce maka cokali ake sa wa a baki, ɗauki ɗanka ku tafi. Kwantar da shi ake yi a gefensa a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Makarantar unguwa mai malama mai haƙuri ta fi mai tsada da za a kwashe awa guda a Adaidaita Sahu kafin a isa, don yaron zai iso a gajiye. Kuma dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta a ƙi yaro saboda lalurarsa.

Mai kula a gida ta fi dacewa da yaron da ba ya iya ci ko wanka da kansa. Nas mai lasisi tana da tsada, kuma ba kullum ake buƙatarta ba. Abin da ya fi arha shi ne ta riƙa zuwa jefi-jefi tana koya wa uwa da 'yar aiki yadda ake ciyarwa ba tare da abinci ya sarƙe yaron ba, da juya mai kwanciya, da ba da magani kan lokaci. A nemi ganin lasisinta na hukumar nas-nas da ungozoma; mai gaskiya ba za ta ji haushi ba.

Masu sayar da maganin "buɗe ƙwaƙwalwa" a rediyo da bayan mota ban sa su a lissafi ba. Addu'a a yi ta, amma kada a dakatar da maganin farfaɗiya saboda rubutu ko jiƙo, domin tsayar da shi kwatsam na iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa sai an kai asibiti.