Wane littafi za ki saya wa yaron da bai fara karatu ba?

Ƙanwata ce ta kira ni daga kasuwar Sabon Gari, wai Yaya ga ni gaban mai littattafai, wanne zan ɗauka wa 'yata? Yarinyar wata tara gare ta, mai shago kuma ya miƙo mata littafin ABCD mai layin koyon rubutu. Na ce don Allah ajiye shi, ba nata ba ne tukuna.

Toh ga yadda nake ganin abin bayan na raini uku. Jariri da baki yake fara sanin littafi, zai cije shi, ya zuba masa yawu, ya buga shi da ƙasa, don haka daga wata shida zuwa shekara biyu littafin kwali mai kauri shi ne zaɓina na farko. Shafinsa baya yagewa, kuma kaurin ne ke ba ɗan yatsansa damar juya shafi da kansa. Ki duba gefen a zagaye yake ba mai tsini ba, hoto ɗaya babba a kowane shafi, kalma ɗaya ko biyu. Matsalarsa tsada, kusan duk daga waje ake kawo su. Akwai na gwanjo masu kyau da sauƙi, sai dai ki shinshina kar ya zama ya yi fumfuna, ki duba ko kwalin ya fara ɓarewa don yaro zai ɓantara ya haɗiye.

Na yadi yana wankuwa, ya dace da ɗan wata uku zuwa shida, amma da wuri suke gajiya da shi. Na roba da ake sawa a ruwan wanka kuwa ban ga ya kai kuɗinsa ba. Masu batir ɗin nan da ake dannawa su yi waƙa, gaskiya ni ba na so, yaro sai ya koma danne-danne ke kuma ki yi shiru, alhali muryarki ake nema. Tun 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a fara karanta wa yaro tun daga haihuwa, kuma dalilin hirar ce da kalmomin da kunnensa ke ɗauka a cinyar uwa ko uba.

Abin da ya fi damuna shi ne hotunan. Ki buɗe littafin waje ki ga ƙanƙara da tuffa da wata irin dabba da yaro bai taɓa gani ba. Ranar da ɗana ya ga hoton akuya a littafi, wallahi zamewa ya yi daga jikina ya ruga tsakar gida da littafin a hannu yana nuna tamu akuyar yana cewa "meee", sai da muka yi sati shafin nan kaɗai yake so a buɗe. Idan na Turanci kawai kika samu ba laifi, ki zaɓi mai kaza, mota, ƙwallo, kofi, ki riƙa faɗin sunayen da Hausa, ki tambaye shi ina kazar take, ki jira ya nuna.

Daga shekara uku zuwa biyar sai a koma littafin takarda mai labari, nan kuma Hausa nake so a fifita don da ita yaro ke tunani. Masu hoto na Hausa ba su da yawa a shaguna, amma akwai su kyauta a intanet, African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library duk suna da labaran yara da Hausa. Ki sauke, ki karanta da kanki tukuna saboda wasu fassara ce kuma Hausar ba ta zauna ba, ki duba an rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai, sannan ki kai a buga miki da kala a yi laminatin. Ki sa a datse kusurwoyin don ledar tana yanka, a ɗinke da zare maimakon ɗan ƙarfen maƙale takarda.

Za ki ce me ya hana a karanta a waya kawai? Hukumar lafiya ta duniya a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ba, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Ga shi da zarar ya riƙe wayar labari ya ƙare, bidiyo zai nema.

Ita dai ƙanwata na ce ta ɗauki na kwali guda biyu, ɗaya na dabbobi ɗaya na fuskokin jarirai, ta bar mai layin rubutun sai yarinyar ta kusa shiga nazare. Biyu sun ishe ta yanzu, don littafi ɗaya za ta sa a maimaita mata sau goma kafin ta yi barci.