time.time() ko perf_counter()?

A shagonmu na Jidda, ƙanena ya rubuta ɗan shirin kwamfuta da yaren Python na lissafin cinikin dabino, yana auna saurinsa da time.time(), wato umarnin da ke karanta agogon kwamfuta.

Wannan kam agogon bango ne: yana ƙirga daƙiƙu tun 1 ga Janairu 1970, kuma idan kwamfuta ta saita lokacinta ta intanet, yakan yi tsalle, har ya koma baya. Shi kuwa perf_counter(), da ya zo a Python 3.3, ba ya ja da baya, ga shi da kama ɗan ƙanƙanin lokaci. Sai dai lambarsa ba ta gaya maka ƙarfe nawa, sai ka karanta ta kafin aiki da bayansa, ka ɗebe ta farko daga ta ƙarshe.

Na ce masa, auna sauri na perf_counter() ne, lokacin da ake sa wa a rasit dai a bar wa time.time().