Tunepal ko rubutun ABC: wanne ya fi gano sunan kiɗan Ayilan?

Malam, tambayarka ita ce: kana da tsohon kaset na kiɗan gargajiyar Ayilan, mai goge ya jero kiɗa uku bai tsaya ba, a jikin kwalin kuma "Gan Ainm" kawai aka rubuta, wato babu suna. Manhajar waya za ka sa ta saurara, ko da kunne za ka rubuta sautukan da haruffa, wato rubutun ABC, ka bincika? Duka biyun suna aiki, amma kowace da inda take tuntuɓe.

Kafin komai ka raba kiɗan ukun. Yawanci kowane kiɗa kashi biyu ne, kowane kashi gaɓa 8, ana maimaita shi sau biyu, jimilla gaɓa 32. Makaɗi yakan zagaya sau biyu ko uku kafin ya faɗa na gaba. Ka kuma tantance awon, domin kowane nau'in kiɗa da nasa: reel 4/4 ne, jig 6/8, slip jig 9/8, polka 2/4, slide 12/8. Wanda ya ɗauki slide a matsayin jig zai yi ta laluben inda ba a ajiye ba.

Manhajar Tunepal, wadda Bryan Duggan ya ƙirƙira daga bincikensa a Dublin Institute of Technology, tana sauraron kamar daƙiƙa 12, ta mayar da sautin haruffa, ta gwada su da kiɗa sama da 20,000, sannan ta jero waɗanda suka fi kama. FolkFriend ma haka take yi, ita kuma ko babu intanet tana aiki. Idan sarewa ce ko goge shi kaɗai, sau da yawa nan take za ka samu. Matsala tana zuwa ne idan gita da gangar bodhrán da hayaniyar jama'a sun rufe karin, ko ka ɗauko daidai mahaɗar kiɗa biyu, manhajar ta haɗa wutsiyar wannan da kan wancan.

Babbar matsalar kuwa tsayin sauti ce, kuma ita ce ke sa mutane su ce manhajar ba ta da amfani. Rumbun da take dubawa an rubuta shi ne bisa kayan kiɗa masu tushen D. Amma akwai masu goge da ke ɗaure tsirkiya ta hau E♭, akwai algaitar jaka ta uilleann da aka ƙera a C ko B ko B♭. Tsofaffin faifai masu juyi 78, irin waɗanda mai goge Michael Coleman ya naɗa a New York, idan aka juya su da saurin da ba daidai ba sautin yakan goce, haka ma kaset da ya sha rana. Maganinsa: ka canza tushen sauti a saitin Tunepal, ko ka ɗora kiɗan a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka sauke shi ko ka ɗaga shi rabin mataki ko fiye, ka sake gwadawa. In kana busa sarewa, ka koyi gaɓa huɗu ka busa wa Tunepal da kanka ba tare da ado ba. Ta fi ganewa.

Hanyar ABC ta fi cin lokaci, amma hayaniya ba ta dame ta ba, domin kunnenka ne ke tacewa. Chris Walshaw ne ya tsara rubutun a farkon shekarun 1990: manyan haruffa sauti na ƙasa, ƙanana na sama, lamba tana nuna tsawo. Ka rage saurin kiɗan zuwa rabi, ka rubuta sauti 6 zuwa 8, ka zuba a akwatin binciken shafin The Session na Jeremy Keith. Misali, EBBA B2EB zai kai ka ga reel ɗin da ake kira Cooley's. Rauninta shi ne binciken harafi da harafi yake bi. Inda makaɗinka ya yi ado, wani ya rubuta ~B3 (~ alamar ado ce), wani BAB, sai ka ga ba a sami komai ba alhali kiɗan yana nan. Don haka ka bar sautukan shiga na kafin gaɓar farko, ka zaɓi wurin da babu ado, ka ɗauko daga zagayen farko tun makaɗi bai fara sarrafa shi ba. In ya ƙi, gwada farkon kashi na biyu.

A ganinmu, ka fara da manhaja, amma kada ka karɓi amsarta sai ka saurari kashi biyun duka ka gwada da abin da ta kawo, domin reel da yawa farkonsu ɗaya ne, a kashi na biyu suke rabuwa. Sunan da ka samu ma ƙila ba shi kaɗai ba ne, tunda sau da yawa ana laƙaba wa kiɗa sunan wanda aka koya a wurinsa. Shafin irishtune.info na Alan Ng yana nuna sunayen da kiɗa ɗaya ya fito da su a faifai daban-daban, littafin Francis O'Neill na 1903 mai kiɗa 1,850 kuma yakan ba da tsohon suna.

Idan duk sun gaza, ka yanko daƙiƙa 30 ka tura wa ma'ajiyar kiɗan gargajiyar Ayilan, Irish Traditional Music Archive, da ke Merrion Square a Dublin, tare da sunan makaɗin, yankinsa da shekarar naɗin in ka san su.